Yadda ake hasashen ma'aikatan da za a buƙata nan da shekara biyar

Malamin firamaren da zai shiga aji nan da shekara huɗu, bana ne ya kamata a ba shi gurbi a kwalejin ilimi, domin karatun NCE shekara uku ne, kuma kafin a fitar da sakamako a ɗauke shi aiki wata shekarar ta tafi. Ungozoma ma shekara uku take yi a makaranta. Likita kuwa shida, da ƙarin shekara guda ta sanin makamar aiki. Dalilin yin hasashen ma'aikata ke nan: shawarar da aka yanke yau ba ta nuna sai bayan shekaru, kuma ranar da ƙarancin ya bayyana babu inda za a sayo ƙwararru. Hanyar da za a bayyana a nan ta dace da ma'aikatar gwamnati, hukumar ilimi, asibiti ko kamfani, kuma ba ta buƙatar abin da ya wuce kwamfuta mai Excel da mutum mai haƙurin bin takardu.

Tambayoyi huɗu ne ginshiƙin aikin. Mutum nawa ake da su yanzu? Nawa ne za su fita kafin ƙarshen wa'adin? Aikin da ke tafe mutum nawa zai ci? Daga ina sababbi za su fito? Wa'adin da ya fi amfani shekara uku zuwa biyar ne. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka tana yin na shekara goma, amma tana sabunta shi duk shekara, kuma tana da alƙaluman da ake tattarawa wata-wata. Inda babu irin wannan, shekara goma ta yi nisa.

Fara da ƙirga waɗanda ke nan

Nan ne aikin ya fi cin lokaci, nan ne kuma aka fi yin ganganci. Jerin sunayen masu karɓar albashi ba shi ne adadin masu aiki ba. A cikinsa akwai wanda ya tafi ƙaro karatu, da wanda aka ba wata ma'aikata aro, da malamin da ya koma ofishin sakataren ilimi ya daina shiga aji, da mai doguwar jinya, wani lokaci har da ma'aikatan bogi. Saboda haka a ɗauko jerin albashi, a ɗauko jerin da shugaban kowace makaranta ko asibiti ya sa wa hannu, a gwama su suna da suna. Inda suka saɓa, a je a gani da ido. Idan wuraren sun yi yawa, a zaɓi ɗaya cikin goma ta hanyar ƙuri'a a ziyarta ba tare da sanarwa ba, abin da aka samu na bambanci sai a yi amfani da shi wajen gyara jimillar.

Kowane mutum layi ɗaya a jadawali, da ranar haihuwa, ranar fara aiki, jinsi, takardar shaidar karatu, aikin da yake yi a zahiri da kuma wurin da yake yin sa. A lura da wannan na aikin zahiri. Matakin albashi ba sana'a ba ne. "Mataki na 8" ba ya gaya maka ko mutum lissafi yake koyarwa ko Larabci. Wanda zai haɗa sana'o'i da yawa ya yi amfani da tsarin rarraba sana'o'i na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ISCO-08, don kada wannan ofis ya rubuta "mai aikin wuta" wancan ya rubuta "injiniya" alhali aiki ɗaya suke nufi. Masu aikin wucin gadi da 'yan sa kai a ƙirga su daban, kuma da awoyinsu: mutum biyu masu rabin wuni ma'aikaci ɗaya ne a lissafi.

Masu fita

Ma'aikata kamar randa ce mai yoyo, ko ba a ƙara buƙatar ruwa ba sai an riƙa zubawa kafin ta tsaya a inda take. Mafi yawan masu tsara kasafi suna duban sabon aiki kawai, sabuwar makaranta ko sabon ɗakin haihuwa, alhali a ma'aikatun da suka daɗe, guraben da masu fita suka bari sukan fi waɗanda faɗaɗa aiki ta haifar.

Ritaya ba ta buƙatar hasashe, ƙirga ta ake yi. A aikin gwamnati a Najeriya ƙa'idar ita ce shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. A jadawalin sai a ƙara ginshiƙi biyu, ɗaya shekarar haihuwa da ƙarin 60, ɗaya shekarar fara aiki da ƙarin 35, a ɗauki ƙaramar. Nan take za a ga mutum nawa za su tafi kowace shekara, daga wane wuri, a wane fanni. Malamai suna da tasu dokar ta 2022 wadda ta ɗaga musu zuwa shekara 65 ko 40 na aiki, don haka a tabbatar ko jihar ta fara aiki da ita. Inda aka fara, ritaya takan yi ƙasa sosai na shekara biyar, sannan ta dawo yadda take. Wanda ya ɗauki matsakaicin waɗannan shekarun ya ce haka za a ci gaba, ya gina lissafinsa a kan rami. Haka kuma duk inda aka taɓa ɗaukar ma'aikata da yawa a shekara ɗaya, to za su fita kusan tare; wannan ba ya fitowa a matsakaici, sai an bi shekara-shekara.

Sauran hanyoyin fita, wato rasuwa, ajiye aiki, sauyin wurin aiki da kora, su ne ake ƙiyastawa. A ƙirga waɗanda suka fita ta waɗannan hanyoyi a shekaru uku zuwa biyar da suka wuce, a raba da adadin ma'aikata, a samu kaso na shekara. Kada a yi kaso ɗaya ga kowa. Ma'aikaciyar jinya mai shekara biyar a aiki, wadda asibitin tarayya ko Saudiyya ko Ingila ke nema, ba ɗaya take da magatakarda mai shekara ashirin da biyar yana jiran fansho ba. A raba aƙalla gida uku: sababbi, matsakaita, da masu dab da ritaya. Shekarar da aka yi wani abu na musamman a ware ta. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawar cancanta, fiye da 21,000 suka kasa, aka sallame su aka ɗauki wasu. Sa irin wannan shekara cikin matsakaici yana lalata shi, amma tasirinta ya rage a jadawali, tunda dubban da aka ɗauka a lokaci guda za su tsufa a lokaci guda.

Aikin da ke tafe

Kowace sana'a tana da abin da ke jan buƙatarta. Ga malamai ɗalibai ne, ga ungozoma haihuwa da awo, ga injin casar shinkafa tan nawa za a casa, ga magina gine-ginen da aka ba da kwangila. A nemo wannan abin a yi hasashensa tukuna, sannan a mayar da shi adadin mutane.

Mu ɗauki misali da alƙaluman da aka ƙirƙira don koyo kawai. A ce wata ƙaramar hukuma tana da ɗalibai 60,000 a firamaren gwamnati da malamai 1,200 masu shiga aji, wato malami ɗaya ga ɗalibai 50. A ce ɗalibai suna ƙaruwa da kashi 3 cikin ɗari duk shekara. Ba a cewa uku sau biyar sha biyar. Ana ninka 60,000 da 1.03 sau biyar a jere, sai a samu kimanin 69,560. Jadawali ya nuna mutum 180 za su yi ritaya cikin shekara biyar, wasu kimanin 120 kuma za su fita ta sauran hanyoyi, idan kashi 2 cikin ɗari ke fita a shekara. Cikin malamai 1,200 na yau, 900 ne za su rage.

In ana so a tsaya a kan malami ɗaya ga ɗalibai 50, za a buƙaci malamai 1,391, ke nan sai an ɗauki 491. A cikinsu 300 cike gurbi ne kawai, 191 ne na ƙaruwar ɗalibai. In ana so a sauko zuwa 40, buƙata ta zama 1,739, waɗanda za a ɗauka 839. In kuma za a bi manufar ilimi ta ƙasa, wadda ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, buƙata 1,987 ce, ɗauka 1,087. Dukkan ukun a rubuta su a rahoto, domin zaɓi tsakaninsu ba na mai lissafi ba ne, na mai riƙe da kuɗi ne. Sai dai mai lissafi ya sa farashi a gefen kowanne. In kowane sabon malami zai ci naira 90,000 a wata, da albashi da sauran haƙƙoƙi, malamai 839 za su ƙara wa kasafi kimanin naira miliyan 906 a shekara. Hasashen da ba a liƙa masa farashi ba a aljihun tebur yake ƙarewa.

Ba duk wanda aka ba takardar kama aiki ne yake zuwa ya zauna ba. In cikin ɗari 85 ne ke kama aiki su daɗe, to neman 839 yana nufin a ba mutum 987 takarda, kusan 200 a shekara.

Jimillar ƙaramar hukuma tana ɓoye abubuwa da yawa, kuma a ganinmu wannan ne kuskuren da ya fi cutar da yaran karkara. Makarantar ƙauye mai ɗalibai 90 a azuzuwa shida, in aka raba da 35, malamai uku ba su cika ba, alhali azuzuwa shida ne ke jiran mai koyarwa. Dole a yanke shawara a fili: ko malami ga kowane aji, ko a haɗa azuzuwa biyu-biyu a horar da malamin yadda ake koyar da su tare. Don haka a yi lissafin makaranta-makaranta, a cike kowane ɓarin mutum zuwa mutum guda, sannan a tara. Jimillar za ta fi ta lissafin dunƙule, kuma ita ce ta gaskiya. A sakandare kuma fanni-fanni ake yi, ta hanyar darussan da ke jadawalin mako: azuzuwa 12 da kowanne ke da darasin lissafi 5 a mako darussa 60 ke nan, in malami yana ɗaukar 24 to mutum uku ake nema. Jiha tana iya samun rarar malamai a takarda, ba ta da mai koyar da kimiyya a rabin makarantunta. Malamai mata ma a ware musu layi, musamman inda iyaye ba sa barin 'ya'ya mata su ci gaba sai da malama.

Game da kashi 3 ɗin can, kada a karɓe shi ido rufe. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Najeriya ta 2006 ce, duk adadin da ake bayarwa yanzu ƙiyasi ne a kanta. Gara a dogara da ƙidayar makarantu ta shekara-shekara, a bi ɗalibai aji-aji: nawa suka wuce gaba, nawa suka maimaita, nawa suka daina zuwa. Yaran da za su shiga aji ɗaya cikin shekaru biyar masu zuwa an riga an haife su, rajistar rigakafi ta unguwa tana iya ba da hoto a kansu. Sai kuma abin da sauyin manufa ke jawowa. Da aka ƙaddamar da ilimin firamare kyauta a 1976, masu tsari sun yi tanadin yara miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka bayyana, domin waɗanda shekarunsu suka wuce da waɗanda ba su kai ba duk sun zo. Aka koma horar da malamai cikin gaggawa. Ciyarwa a makaranta, soke kuɗin makaranta, ko kwararowar 'yan gudun hijira duk suna iya yin irin haka a ƙaramin wuri.

Inda ake auna aiki da awa

A asibiti, rabon ma'aikaci da yawan jama'a bai isa ba. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na likitoci, ma'aikatan jinya da ungozoma 4.45 ga kowane mutum dubu yana da amfani wajen kwatanta ƙasashe, amma ba zai faɗa maka ungozoma nawa za a tura wani asibiti ba. Hukumar tana da wata hanya mai suna WISN, wadda ke bin nauyin aiki, kuma ana iya amfani da tunaninta a kowace sana'a.

Ana farawa da lokacin da mutum ɗaya yake da shi. Kwanakin aiki 260 ne a shekara. A cire hutun shekara, hutun gwamnati, ciwo da bita, a ce saura 200. Awa 8 a rana, awa 1,600 ke nan. Sai a ɗauko rajistar bara. A ce awon ciki 9,000, kowanne minti 20, awa 3,000. Haihuwa 1,200, kowace awa 4 na hannun ungozoma, awa 4,800. Duba mai jego da tazarar haihuwa 4,000, minti 15 kowanne, awa 1,000. Jimilla 8,800, a raba da 1,600, ya ba da 5.5. Rubuce-rubuce, miƙa aiki da tarurruka suna cin, a ce, kashi 20 na lokaci, sai a raba 5.5 da 0.8, a samu kusan 7.

Abu biyu ke ɓata wannan lissafi. Mintocin a samo su daga ƙwararrun ma'aikata, a kan yadda ya kamata a yi aikin, ba yadda ake yin sa cikin cunkoso ba. In aka auna awon minti biyar da ƙarancin ma'aikata ya tilasta, lissafi zai ce babu ƙaranci. Na biyu, ɗakin da ba a rufewa. Shekara awa 8,760 ce, in aka raba da 1,600 za a ga kujera ɗaya da ake so kullum da mutum a kanta, dare da rana, tana cin ma'aikata kusan biyar da rabi, wato mutum shida, ko da haihuwa ɗaya ake yi a mako.

Kamfanoni da masu sana'ar hannu

Wanda zai yi wa jiha baki ɗaya hasashe, don a san fannonin da kwalejin fasaha ko cibiyar koyon sana'a za ta buɗe, aikinsa ya fi wuya, domin babu jerin albashi. Hanyar da aka saba ita ce a ƙiyasta ma'aikatan kowane ɓangare, noma, gine-gine, sufuri, masana'antu, sannan a raba kowanne bisa kason sana'o'in da ke cikinsa. A ce gine-gine yana da mutum 40,000, kashi 8 masu aikin wuta ne, wato 3,200. In ɓangaren ya ƙaru da kashi 4 a shekara, bayan shekara biyar ya kai kimanin 48,670, masu aikin wuta 3,890. Amma in yaɗuwar sola ta ɗaga kasonsu zuwa 10, sun zama 4,870. Sauyin kaso ya fi girman ɓangaren tasiri, shi ya sa ba a kwafo kason bara a liƙa wa gaba ba tare da an tambayi masu aikin abin da ke sauyawa a hannunsu ba. Haka ma ƙaruwar kaya ba ita ce ƙaruwar ma'aikata ba: injin da aka sabunta yana iya ninka abin da ake fitarwa da mutanen da ke nan.

Wajen alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a yi hattara. Ta ce rashin aikin yi a ƙarshen 2020 kashi 33.3 ne, a farkon 2023 kuma 4.1. Ba ayyuka ne suka samu ba, ma'auni aka sauya: da, mai aikin da bai kai awa 20 a mako ba marar aiki ne, yanzu awa ɗaya ta isa a ƙirga mutum cikin masu aiki. Kada a haɗa tsofaffin alƙaluma da sababbi a layi ɗaya. Binciken hukumar ya kuma nuna fiye da kashi 90 na masu aiki ba a ƙarƙashin tsarin albashi da rajista suke ba, don haka wanda ya tsaya ga kamfanoni masu rajista ɗan yanki kawai ya gani.

Sauran sai an taka an je. Ƙungiyoyin kanikawa, teloli, masu walda da kafintoci sun san shagunansu, sun san yara nawa ke koyo a hannun kowane maigida, da shekara nawa ake yi kafin a yaye su. Wannan shi ne ainihin makarantar da ke fitar da mafi yawan masu sana'a, kuma ba ta cikin rahoton kowace ma'aikata. Kada a tambayi mai kamfani ko mai shago mutum nawa zai buƙata nan da shekara biyar. Zai faɗi abin da yake fata, ko abin da yake zaton zai jawo masa tallafi. A tambaye shi abin da ya riga ya faru: wa ya ɗauka cikin wata goma sha biyu da suka wuce, wa ya tafi, wane gurbi ne ya fi daɗewa ba a cike ba, nawa ya ƙara kafin ya samu mutum. Alamomin ƙaranci na gaske uku ne: ladan aikin yana tashi fiye da na sauran sana'o'i, mai neman a yi masa aiki yana jira, ana kuma ɗauko masu yi daga nesa, kamar yadda 'yan kwangila ke kawo masu tayil da silin daga Togo da Benin. Lokacin zuwa ma yana da muhimmanci. Ƙirgar da aka yi da rani, lokacin da 'yan cin rani suka cika gari, ba za ta yi daidai da ta damina ba, saboda haka a yi sau biyu, ko a riƙa yi a wata ɗaya duk shekara.

Akwai abin da lissafi ba ya kamawa. Wanda ya dubi masaƙun Kaduna da Kano a farkon shekarun 1980 ya ja layi gaba, da ya ba da shawarar a horar da dubban masu aikin masaƙa. Wanda ya yi hasashe a 2000 kuma ba shi da layin masu gyaran waya, domin sai a 2001 wayar salula ta GSM ta fara aiki a Najeriya. Maganin wannan ba daina hasashe ba ne. A fitar da lissafi uku, na ƙasa, na tsakiya da na sama, a rubuta zaton da kowanne ya dogara a kai cikin jimla ɗaya da kowa zai gane. Sana'ar da ta nuna ƙaranci a dukkan ukun, a sa mata kuɗi ba tare da jinkiri ba. Wadda ta nuna a ɗaya kawai, a yi mata gajeren horo na wata uku zuwa shida, kada a gina mata sashe da ma'aikatan dindindin.

Sai ɓangaren masu shigowa. Adadin da aka ɗauka a makaranta ba shi ne zai iso bakin aiki ba. In kwaleji ta ɗauki 1,000, kashi 70 suka kammala, rabin waɗannan suka sami rajistar hukumar yi wa malamai rajista ta ƙasa, wato TRCN, kuma suka yarda su koyar a firamare, 350 ne a hannu, waɗanda za su amince da ƙauye kuwa ba su kai haka ba. A ɗaya gefen, a ƙirga masu takarda da ke zaune babu aiki, domin wani lokaci matsalar ba ta horarwa ba ce, ta ɗauka ce ko ta albashi, kuma faɗaɗa kwaleji ba zai warware ta ba.

Kowace shekara, kafin a fara shirin kasafi, a buɗe jadawalin a sa abin da ya faru a gefen abin da aka yi hasashe: ɗalibai nawa suka zo, mutum nawa suka fita, nawa aka ɗauka suka zauna. Inda bambanci ya wuce kashi 10, a nemo dalili, a gyara zaton, a ƙara shekara ɗaya a gaba. Tsohon lissafin kada a goge shi. A adana shi da kwanan wata da sunan ofishin da ya ba da kowane adadi, domin jami'in da zai gaji aikin ya san inda zai koma ya tambaya.